Ɗaliban da Ba Sa Cikin Rajista

A kwalejinmu ta kan tudu, can Wayanad,
inda gonakin shayi ke leƙen tagar aji,
Malama Thresiamma ta miƙo min littafi mai baƙin bango,
ta ce, "Anjitha, kowace Talata, ƙarfe tara,
daga ƙofar ɗakin karatu zuwa tsohuwar rijiya.
Taku ɗari shida. Kar ki kama, kar ki kora.
Abin da ya gifta, ki rubuta."

Na fara a Maris, ƙasa ta tsage kamar faso.
Taku ɗari shida, malam-buɗe-littafi huɗu:
uku ƙanana, rawaya, sun kafa kai
a danshin famfon da ke ɗiga bayan kicin,
na huɗun na ɗauka busasshen ganye ne,
sai da na kusa taka shi ya tashi
ya bar ni baki buɗe.

Yuni ya zo da ruwan da ba ya sallama.
Kwana tara lemata ba ta bushe ba,
tawada ta narke, matsattsaku ya sha jinin ƙafata.
Shafi uku ina rubuta sifiri.
Na ce wa Malama wahalar banza nake.
Ta ce, "Sifiri ma lissafi ne. Duba ƙarƙashin ganye."
Na duba: ƙwai jere kamar duwatsun wuya,
ga wata tsutsa koriya tana cin lemun mai dafa abinci
ko kunya babu.

Sai Oktoba.
Ruwa ya ja da baya, rana ta wanke fuska,
alƙalamina ya kasa bin idona.
Baƙaƙe masu ɗigon shuɗi, ayari guda,
suka ratsa filin ƙwallo kamar an aike su,
mai tsaron gida ya tsaya kallo, aka zura masa.
Ja mai baƙin gefe, fari mai jijiyar toka,
wani mai jela biyu irin ta tsattsewa,
da babban nan, baƙi da ruwan zinariya, faɗin tafin hannu,
wanda ba ya sauka sai ƙololuwar itace,
kamar shugaban kwaleji, ganinsa sai an dace.
Ba su biya kuɗin zango ba, ba a kiran sunansu a aji,
amma wa ya kai su buɗe littafi?
Iri arba'in da bakwai a safiya ɗaya.
Na koma ɗaki yatsuna na zugi.

Bayan sati biyu aka ce baƙi na tafe duba makaranta.
Aka ba Velayudhan lauje da injin yanka,
aka ce ciyawar bayan ɗakin gwaji duk a kwantar.
Ranar Talata na iske fili fes, an yi masa ƙwalkwabo.
Goma sha ɗaya na ƙirga.
Na sake bi.
Goma sha ɗaya.

A bakin rijiya na same shi yana wasa lauje.
Bai ɗago ba, ya nuna da haɓa:
bayan tankin ruwa, inda idon baƙo ba ya kaiwa,
ya bar wani lungu, tsawon tabarma uku,
ƙaya da fure da sauran abin da ake kira datti,
lungun kuwa motsi yake, yana buɗewa yana rufewa.
"Shekara ashirin da shida ina nan," in ji shi,
"ko ɗaya ban san sunansa na littafi ba.
Na dai san abin da suke ci."

Yanzu Fabrairu, lissafi na ja ƙasa kamar ruwan rijiya.
Na kusa gamawa, in bar wa wata littafin.
A shafin ƙarshe na zana mata taswira:
famfon da ke ɗiga, kar ta kai ƙararsa,
lemun kicin, lungun Velayudhan.
A ƙasa na ƙara:
ki riƙo gishiri saboda matsattsaku,
in kuma kin sami sifiri, ki rubuta shi da kyau.